Rigar Auta da Ta Zama Ɗamara

Kafin direbobi su iso, Inna Tela ta riga ta buɗe bayan motocin ɗaukar marasa lafiya na asibitin yara, tana jan kowace ɗamara ta ga ko zare ya saki. Ɗinkin zanin gado kawai aka ɗauke ta yi. Amma tun ranar da aka taka birki jariri ya zame daga gadon mota, don gadon na manya ne, ta ɗora wa kanta ɗinka ƙananan ɗamaru, da matasan tokare kai, da aljihunan jera robar numfashi ta yara. Direbobi shaida ne.

Kowa na yabonta ban da autarta. Auta ta tashi tana kishin 'ya'yan da ba ta ma san fuskarsu ba. 'Yar tela guda, amma ɗinkin rigarta kullum sai gobe! Har yadi mai ruwan ɗorawa da babanta ya saya mata, ta dawo makaranta ta tarar an yanka shi.

"Inna, nawa ne fa!"

"Ke kina da ƙafar tsayawa, su ba su da ita."

Ta yi kuka, ta riƙe abin a rai har ta yi aure.

Bara ɗanta ya shiɗe a kan cinyarta. Aka sa shi a motar asibitin, mota na gudu, tana faɗa wa ramuka, ma'aikaciyar jinya na danna masa iska da hannu biyu, ba mai riƙe shi. Amma yaron bai gusa daga gadon ba. Auta ta duba abin da ya riƙe ƙirjinsa, sai ga yadin nan nata mai ruwan ɗorawa, ya koɗe, ɗinkin bai saki ba. Yau yaron ne ke hana gidan sakat da gudu.

Inna, ke ce hannun da ba ya cikin mota amma yana riƙe da yaro. Wannan watan kika ajiye aiki. Mu ma'aikatan asibitin mun gode, Allah ya saka. Masu keken ɗinki, motocin na nan, ku leƙa bayansu.

Ranar da aka yi wa Inna sallama daga aiki, Auta ta kawo sabon yadi, ta dire mata.

"Yanzu dai layi ya zo kaina."

Inna ta auna shi da ido. "Wannan ai zai yi ɗamara huɗu."

Auta ta harare ta, ta cije leɓe, sannan ta miƙa mata almakashi.