Dodon Kwatar Nima da Hannun da Ya Zana Shi

Da shigowar daminar bana Isiyaku ya cika shekara goma sha ɗaya a ƙasa. Abokina ne, kuma tare muke rubutu da zane a jikin motocin haya a wata rumfa a unguwar Lagos Town, kusa da unguwar Nima. Ni har yau zaki da dabino kawai na iya. Shi kuwa da an tashi aiki sai ya yanka takardar buhun siminti, ya ja mata layi gida-gida, ya shiga zana labari.

Labarin nasa ɗaya ne, yana ta tsawo. Wani dodo ne mai tsayin hasumiyar masallaci yake fitowa daga babbar kwatar Nima duk sa'ad da ruwa ya cika ta, ya haɗiye awaki da rumfuna. Masu yaƙarsa matasa uku ne, da karen mota, da ɗan tela, da wata mai tallan koko, makamansu taɓarya da sarƙar keke. Isiyaku bai yi boko ba, don haka maganar bakinsu da ajami yake rubuta ta, kuma kowane shafi sai ya buɗe shi da Bisimilla kamar yadda aka koya masa a makarantar allo. Yaran unguwa har faɗa suke yi a kan wa zai riƙe takardar.

Yanzu in na bi ta Adabraka sai in ga littattafan zane na Turawa shimfiɗe a bakin titi, masu launi, yaranmu sun yi musu rumfa da kai. Dodanni a ciki suna rushe benaye a biranen da ba mu taɓa gani ba. Na san da Isiyaku yana raye, da ya tsuguna ya duba yadda aka zana haƙora, ya yaba, sannan ya tambaya ina namu yaran a ciki. Babu su, kuma babu mai nemansu. Kwatar tana nan, ta ma ƙara faɗi, duk damina sai ta tafi da ɗan wani.

Tari ne ya kwantar da shi. A kwancen ya ce mini ya zana ƙarshen labarin, amma ba mai gani sai ya miƙe ya karanta wa yara da bakinsa. Bai miƙe ba. Ranar sadakar uku na shiga gidansu a Maamobi na tarar da mahaifiyarsa, Mma Hawa, tana tura toka da tsinken tsintsiya a bayan ɗaki.

"Mma, ina takardun?"

"Ɗana, hoto ne, ba a ajiye shi a ɗakin da mala'ika zai shigo. Kuma sunan Allah yana kai, ba a zubar da shi a bola mutane su taka. To yaya zan yi? Wuta ya fi mishi mutunci."

Ba ta yi don mugunta ba, gata ta yi wa ɗanta iya saninta, shi ya sa har yau na rasa wanda zan yi fushi da shi, kuma abin yana cin raina. Na sha gwada zana dodon daga ka, kullum hannuna zaki yake ba ni. Yaran da suka karanta sun watse, wasu Kumasi, wasu an mayar da su ƙasashen iyayensu.

Mutum ɗaya ce ta riƙe shafin ƙarshe a hannunta, ita ce Mma Hawa. Bara, da ciwo ya tsananta mata, na daure na tambaye ta ko ta ga matasan nan uku na labarin a tsaye ko a kwance, ko da karatun ya fi ƙarfinta.

"Ban duba ba," in ji ta. "Kife su na yi, don kar in ga hannunshi in kasa ƙona su."

Mun binne ta kafin azumi. Allah Ya jiƙansu duka biyun.