Daƙiƙa Ashirin da Huɗu a Cheras

Koci ne da gaskiya, ni ne na yi kuskure, kuma a kan kuskuren na ɗora ƙarya. Na ce bari in fara da wannan kafin labarin tafiyar, domin ku da kuke bibiyata kun sha ganin ina cika baki da "wasa tara ba a doke mu ba", kuna yi mini barka. To, ku karanta wannan ma har ƙarshe.

Ga wanda bai san ni ba, matata ce ke digiri na uku a wata kwaleji a arewacin Malesiya, kusa da iyakar Tailan, ni rakiya na zo. Karatuna a sakandare ya tsaya. Da zaman gida ya ishe ni sai na shiga taimaka wa ƙungiyar ƙwallon kwando ta kwalejin, har yaran suka laƙaba mini Manaja. Babban aikina shi ne tsara wasannin share fage, waɗanda ake bugawa kafin gasar kwalejojin yankinmu ta fara. Ba sa shiga teburin maki, kowace ƙungiya ita ke zaɓar wanda za ta kara da shi. Ni kuwa sai na riƙa ɗebo mana 'yan sakandare da ƙungiyoyin ma'aikata masu tumbi. Koci, wani matashi ɗan Filato da ke nasa karatun, kullum roƙona yake yi: "Yaya, nemo mana waɗanda za su ba mu kashi yanzu, tun dukan bai shiga maki ba."

Wata biyu da suka wuce gayyata ta shigo akwatin saƙon ƙungiya, wanda ni kaɗai ke buɗewa. Gasar buɗe kaka ce ta kwana biyu a Kuala Lumpur, kowace ƙungiya wasa uku. Na duba sunayen na ga duk ƙarfafa ne, na ji wa wasa taran nan nawa tsoro. Sai na mayar da amsa cewa ba za mu samu zuwa ba, Koci ya tafi Najeriya, mahaifiyarsa na kwance a asibiti. Matar nan lafiyarta ƙalau. Ana saura kwana goma wata ƙungiya ta janye, masu gasar suka sa cigiya a zauren hirar kociyoyi na waya, Koci ya gani ya amsa da kansa. Ya zo mini da murna yana cewa, "Yaya, ashe sun san da mu!" Na ce ashe kuwa.

Mun tashi da asuba ranar Juma'a a motar kwaleji, 'yan wasa goma sha biyu, da Koci, da ni, da direba ɗan Malay da ba ya wuce tamanin ko da titi wayam yake. Gari na wayewa muna tsakiyar gonakin shinkafa, ruwa kwance ko'ina kamar an shimfiɗa madubi. Yaran suka yi barci, dogayen ƙafafunsu sun cika tsakiyar mota. Ni ban runtsa ba. Abu ɗaya nake juyawa: dattijon da ya karɓi saƙona shi ne mai shirya gasar, kuma gobe zai yi ido huɗu da Koci.

Titin nan dai a yaba masa. Awa shida ba rami ko ɗaya, ba mai tsayar da kai sai ƙofar biyan kuɗin hanya. Wajen Ipoh duwatsu farare suka taso tsaye, daji ya lulluɓe kawunansu, muka shiga wani rami da aka fasa cikin dutse muka fito ta ɗaya gefen. Daga nan sai gonakin kwakwar manja, layi bayan layi, har ido ya gaji. Mun tsaya a wani zangon matafiya mai masallaci da banɗaki tsaf. Ana sayar da gwaiba yankakkiya ana barbaɗa mata wani gari mai tsami da gishiri, ringgit biyar leda. Ɗan wasanmu mafi tsawo ya ci faranti biyu na shinkafar da ake dafawa da madarar kwakwa, ya ce wannan buɗe ciki ne. Koci ya miƙo mini shayi ya ce da ɗan Malayancinsa, "Yaya, makan, ci wani abu mana. Ko tsoron KL ne?" Na ce mota ce ke juya mini ciki.

Da azahar muka shiga birnin, cunkoso ya riƙe mu kusan awa ɗaya muna kallon dogayen gine-gine ta taga. A Setapak muka sauka, a gidajen wasu ɗalibai 'yan Kaduna da ke hawa na goma sha bakwai, suka baje mana katifu a falo. Unguwar nan idan ka rufe ido sai ka rantse kana Sabon Gari. A cikin lifta ana Hausa, a bakin shago ana Turancin buroka, mai gidan shayin mamak, wato Ba'indiye Musulmi, ma ya iya "sannu". Burodin roti da shayi ba su kai ringgit biyar ba. Na tsara wa kaina dabara: gobe ni zan yi rajista, ni zan gaisa da dattijon, Koci ya tsaya da yara.

Da safe bas ta kai mu Titiwangsa, daga nan jirgin ƙasa ya ajiye mu a Cheras, unguwar da ake gasar. Mutane suka yi ta kallon yaranmu suna sunkuyar da kai a ƙofar jirgi. Na riga kowa shiga zauren. Dattijon Basine ne, siriri, da usur a wuya, kowa na ce masa Ankul. Na cike takardu da sauri, ya tambayi Koci, na ce yana ɗumama yara. Ya ce, "Boleh, anjima lah," wato ba damuwa, sai anjima. Na fito ina gumi duk da sanyin na'ura.

Abin da ban lura da shi ba shi ne wani ƙaramin allo mai jan lamba a saman kowane kwando. A ƙa'idar wasan, idan ƙwallo ta shigo hannunku kuna da daƙiƙa ashirin da huɗu ku jefa ta taɓa zobe, in ba haka ba ƙararrawa ta buga a miƙa wa abokan karawa. Kowa ya san wannan a baki. Amma duk filayen da na kai yaran nan sau tara babu wanda ke da agogon. Sun saba su yi ta ba-ni-in-ba-ka har sai dogonmu ya gyara tsayuwa a ƙarƙashin kwando ya ɗaga hannu. A zangon farko kaɗai ƙararrawa ta kama mu sau biyar da ƙwallo a hannu. Yaran suka rikice, suka koma jifa daga nesa tun ba a kai ko'ina ba. An doke mu da tazarar maki talatin da ɗaya. Wasa na biyu da yamma, ashirin da biyu.

Na zaci Koci zai yi faɗa. Sai na ga yana ta rubutu a ɗan littafinsa, fuskarsa a sake. A jirgin komawa ya ce mini, "Yaya, ka san zauren da za mu buga gasar yanki sun sa wannan agogon bana? Da ba mu zo ba, sai a wasan farko za mu gane." Na ce haka ne. Ban iya kallonsa ba, na kalli taswirar tashoshi.

Lahadi da sassafe ya kai mu wani filin siminti kusa da tafkin Titiwangsa, inda tsofaffi ke motsa jiki a hankali da kiɗa a rediyo. Ya ce in buɗe agogon wayata in zama allon. Idan saura goma in fara ƙirgawa da ƙarfi. Na tsaya a gefe ina ihu, "Goma! Tara! Takwas!" har wata tsohuwa ta daina nata ta tsaya kallona. Awa ɗaya muka yi. A nan ne aka gano cewa gajeren cikinsu, wanda na sha cewa a sallame shi, shi kaɗai ke iya haye rabin fili da ƙwallo cikin daƙiƙa biyar.

Wasa na uku mun sha kashi da maki huɗu kacal, ƙararrawa sau ɗaya ta kama mu. Muryata ta dishe a benci. Yaran suka fito suna tafawa kamar su suka ci kofi, ni ma na manta da kaina na tsaya ɗaukar su hoto. Ina juyowa na ga Ankul riƙe da hannun Koci da hannu biyu. Na ƙarasa, na ji yana tambaya da Turanci, "Yaya jikin mama? Manajanka ya rubuto mana tun gayyatar farko. Mun yi ta tunaninka."

Koci ya dube ni sau ɗaya, sannan ya mayar da ido kan dattijon ya ce, "Mun gode Allah, tana lafiya. Na gode da kulawa."

Ya fita wajen zauren, na bi shi daga nesa. A jikin wata bishiya ya tsaya ya kira gida, lokacin can safiya ce. Na ji yana cewa, "Mama, kin tashi lafiya? A'a, ba komai. Kin tabbata dai lafiya? Kin sha maganin hawan jinin?" Sau uku ya maimaita tambayar. Shi ya san ƙarya ce, amma sai da ya ji muryarta. A nan na gane girman abin da na yi. Na ɗauki uwar mutum na kwantar a asibiti da bakina don kada a ɓata mini lamba tara.

Litinin da safe muka kamo hanyar gida. Duwatsun Ipoh na nan, gwaibar na nan, ni dai ban ga komai ba. Koci ya zauna a gaba kusa da direba, ni a can baya. Sau biyu na miƙe in je wurinsa na koma na zauna. A zangon matafiya ya saya wa kowa shayi, har da ni, ya ba wani ya miƙo mini. Da ma zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Matata na buɗe ƙofa ta ce, "An doke ku ne?" Na ce an doke mu, amma ba shi ke damuna ba. Na faɗa mata. Ta ce, "To me kake jira?"

Abin da na koya a wasan ba shi da yawa. Wasa tara da na tsara ba su nuna mana komai ba, uku na Cheras sun nuna mana agogo, sun nuna mana gajere, kuma saura mako biyar a fara gasa. Na riga na rubuta wa ƙungiyoyi biyu daga cikin waɗanda suka doke mu ina roƙon a sake haɗuwa.

Ranar Talata da yamma na je atisaye, na roƙi Koci ya tara yaran. Na faɗi komai a gabansu, gayyatar farko, da amsar da na bayar, da dalilina. Babu wanda ya yi dariya. Na juya na ce, "Koci, na cuce ka. Ka yi haƙuri."

Ya ce, "Yaya, nawa ya wuce tun a Cheras. Amma ba ni ka kwantar ba." Ya ciro waya ya danna, ya miƙo mini tana ƙara.

Wata murya ta ɗauka, da kukan kaji a bayanta. Na durƙusa a kan filin ban san na yi ba. Na ce, "Mama, ina kwana. Ba ki san ni ba, abokin aikin ɗanki ne a Malesiya. Na yi ƙarya da sunanki, na ce ba ki da lafiya alhali lafiyarki ƙalau, don in hana shi abin da yake da gaskiya a kai. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Don Allah, Mama, ki yafe mini."