Ranar da Inna Tumba Ta Faɗi a Tasha

Ina zaune kan babur a tashar Gummi, rana ta take, sai na ji ana cewa Inna Tumba ta faɗi. Shekarun da nake acaba ke nan, cikin wata bazara mai tsananin zafi.

Inna Tumba tsohuwa ce marar kowa, a rumfunan tasha take kwana. Kafin in isa wurin, an ce matar faston ƙaramin cocin da ke bayan tasha ta sa an ɗauke ta.

Hankalina bai kwanta ba, na bi sawu. Na tarar an shimfiɗa mata tabarma a barandar cocin, an lulluɓa mata jiƙaƙƙen zane. Matar faston, wata 'yar Zuru da muke kira Maman Ladi, tana yi mata fifita.

Na ce, "Mama, kin san dai Inna Musulma ta ko?"

Ta nuna mini buta cike da ruwa a gefen tabarmar. Ta ce, "Na sani, ɗana. Da ta farfaɗo cewa ta yi in tashe ta in an kira la'asar. Zo ka nuna mini gabas, kada in juya ta ba daidai ba."

Na nuna mata.

Har damina ta sauka, barandar nan ba ta rabu da randa da tabarmi ba. Masu dako da baƙin kasuwa duk sun sha inuwarta.

Zafin bana ya sa nake tunani: wa ke kwance a rana a unguwarku, kuma wace ƙofa ce za ta buɗe masa?