Bushin Motar Malama

A garejin da ke bayan gidan mai, sunansa na yanka ya ɓace tuntuni. Kowa Baba Kunne yake ce masa. Shekara talatin yana gyaran ƙafar mota, kuma tun mota tana shigowa yake faɗar ciwonta daga ƙarar da take yi. Samarin da ke sauke motocinsu ƙasa su sa musu faffaɗan taya duk wurinsa suke zuwa, don irin wannan mota ba ta barin bushin ya kwana biyu. Bushin ɗin nan wata roba ce da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe a ƙafar mota. In ta cinye, kowane rami aka faɗa sai an ji ƙwas-ƙwas.

Matarsa ta rasu shekara huɗu da suka wuce, 'yarsa ɗaya tana aure can nesa. A ɗakinsa katifa ce da rediyo da kofi biyu, ɗaya kawai ake wankewa. Rediyon ne ya fara tona masa asiri. Wata Asabar maƙwabcinsa ya leƙo ya ce, "Baba, a ɗan rage mana, jariri na barci." Shi kuwa da ƙyar yake jin mai labarai. Bai faɗa wa kowa ba. A gareji in ana raha a kan benci, sai ya jira ya ga haƙora a waje sannan ya yi dariya. Daga baya ma ya koma cin abincinsa a bakin ramin gyara, shi kaɗai.

Wata safiya wata malamar makaranta ta shigo da jar mota, cikinta na neman shafar ƙasa.

"Ta ƙanena ce, Baba," in ji ta. "Ya manna ta da ƙasa kamar ƙadangare, ya tafi karatu ya bar ni da ita. Ɗalibai tun ban iso ba suke jin zuwana."

Rabin maganar a leɓenta ya karanta. Ya karɓi makulli, ta zauna a gefe, suka bi wata hanya mai gargada. Ya kasa kunne. Shiru. Sitiyari na rawa a hannunsa, amma bai san ko ciwon a hagu yake ko a dama ba.

Ta yi magana, bai juyo ba. Ta sake yi. Sai ta dube shi na ɗan lokaci, ta ciro biro daga jakarta. Da suka faɗa rami na gaba, ta nuna gaban motar ta hagu da biron. Wani ramin, hagu kuma. Haka har suka dawo gareji.

Ya shiga ƙarƙashin motar ya zura ƙarfe ya banƙara. Robar hagun ta farfashe kamar tsohon silifas. Ya fito ya ajiye sababbin bushin biyu a kan benci.

"Wannan baƙin irin na asali ne, Malama. Yana da laushi, amma a motar da aka sauke haka, wata shida ya gama. Wannan jan mai tauri ne, zai kai shekara uku, sai dai bayanki zai san kowane dutse, in giris ya bushe kuma ya dinga kuka. Ko kuma in ɗaga motar ta koma tsayinta, mu sa baƙin, ki huta."

Ta yagi takarda ta rubuta: "Wanne za ka zaɓa wa 'yarka?"

Ya daɗe yana kallon rubutun.

"A ɗaga ta," ya ce. "In ƙanen naki ya dawo, ki turo min shi."

Ta yi dariya, shi ma ya yi, wannan karon ya san dalili. Kafin ta tafi ta ƙara layi ɗaya a takardar: babanta ma haka ya yi fama, likitan kunne ya taimake shi sosai. Ya ninke ta ya sa a aljihu. Sati uku takardar tana nan, har gefenta ya yi baƙi da mai, bai je wurin likitan ba tukuna.

Motar takan wuce ta ƙofar garejin da safe. Malama ba ta yin hon, fitila take haska masa sau biyu. Shi kuma ya ɗaga sifana sama, ya tsaya har ta sha kwana, sannan ya sauka cikin rami.