Shekarar da Harshena Ya Ƙi Yaji

Ina shayar da 'yata ta biyu a gidanmu na unguwar Malam Inna abin ya fara. Wata safiya na kurɓi kunun tsamiya, sai na ji harshena ya ɗau raɗaɗi. Na fito tsakar gida da madubi. Ga wasu jajayen tabo sumul a kansa, kowanne da farin layi a gefe. Bayan kwana uku na sake dubawa, sun bar inda suke, sun koma wani wurin.

Na bar cin yaji. Miya ma maigidana ke ɗanɗana mini. Da rana, in jaririya ta yi barci, nakan zauna gindin darbejiya da madubi a cinya. Inuwar ganye na yawo a kan tabarma, ƙarar injin markaɗe na zuwa daga nesa, ni kuwa ina ta saƙe-saƙen mugun ciwo har gyangyaɗi ya ɗauke ni.

A haka maƙwabciyata ta same ni, wata dattijuwa 'yar Kaltungo da ta yi ritaya daga aikin jinya. Aron rariya ta shigo yi.

"'Yata, me kike nema a madubin nan?"

Na nuna mata. Ta sa tabarau, ta juya fuskata wajen haske, ta daɗe tana kallo.

"Na sha ganinsa. Ba ya kisa, ba a kuma ɗaukarsa. Amma idonki ya yi fari. Gobe ki shirya mu je a auna jininki."

"Mama, da gaske ba ciwon daji ba ne?"

"Ba shi ba ne."

Washegari a asibiti likita ya ce Turawa na kiransa harshe mai taswira. Ya ce jinina ya yi ƙasa. Ya rubuta mini ƙwayar ƙarin jini da wata 'yar fara ta sinadarin zink.

"Malama, ban ce zai tafi gaba ɗaya ba. Wasu dai suna samun sauƙi. Kada ki sha ba ki ci komai ba."

Ɗaya nake sha da safe, ɗaya da yamma. Mama takan leƙo ta katanga ta tambaya ko na sha, wani lokaci ta miƙo kwanon faten wake da alayyahu. Makonnin nan ban iya rarrabe su yanzu. Kukan kurciyoyi nake tunawa, da ɗacin ƙwaya a maƙogwaro, da nauyin yarinya a kafaɗata.

Wajen wata biyu bayan haka aka yi suna a gidan yayata a Manawashi. Muna hira aka ajiye masa da miyar taushe. Sai da na kusa cinye tawa yayata ta ce, "Ke da ba kya cin yaji?" Na tsaya da hannu a kwano, ina jiran raɗaɗin. Bai zo ba.

Har yau tabon kan dawo in na gaji ko na yi zazzaɓi, ya yi kwanaki ya wuce. Mama ta koma garinsu bara. In mun yi waya, zancen jikokinta muke yi.