Almu Mai Wucewa

Duk wanda ya zauna a ƙauyukanmu na kusa da Abu Hujar ya san Almu da taurin kai. Tsararrakinsa duk sun gudu Jazira neman hawasha, gonar audugar nan ta gwamnati, shi kuwa ya ce Allah ya kiyashe shi. Wai ba a tuƙa tuwo da auduga, kuma ranar da kasuwarta ta faɗi, mai hawasha zai gane takardar kuɗi ba ta cika ciki. Aka yi ta yi masa dariya, ana kiransa mai jiran tashin duniya.

Sai ya kama wani fili a bakin kogi, ƙaya ce zalla, ko akuya ba ta shiga. Shekara ashirin da ɗoriya suna fama da shi, shi da matarsa Kulu. Ya dasa lemo da gwaiba da mangwaro, a ƙarƙashinsu kuɓewa da albasa, can baya dawa da wake a cakuɗe. Ganye ya faɗi, ya bar shi ya ruɓe a wurin, kashin awaki ya koma gindin itace. Ba ya sayen komai sai gishiri da shayi, shayin ma Kulu ce ta tsaya kai da fata. Shekarar da auduga ta yi kwantai, masu dariyar nan har gida suka zo da ƙorai, bai kuwa goranta wa kowa ba.

To, ga inda gizo ke saƙa. Kakanninmu da niyyar hajji suka baro ƙasar Sakkwato, hanya ta tsaya da su a nan. Saboda haka dattijon kirki ba ya buɗe baki ya ce ya zauna. A kan hanya yake, ko da a nan aka yanke masa cibiya, don cewa "na zauna" tamkar warware niyyar uba ce. Mahaifin Almu ya rasu bai ga Makka ba, abin kuma yana damun Almu ƙwarai.

Wata rana da hantsi, wajejen 1970, wani afandi, wato ma'aikacin gwamnati, ya zo da littafi yana rubuta sunayen masu filaye. Jibo maƙwabcinsa ya riga ya ja masa kunne, in an tambaye shi ya ce shi mazauni ne, kada ya ƙara ko kalma. Almu ya ce ya ji. Afandi ya zauna a inuwa, ya sha ruwa, ya yaba gona, sannan ya tambaye shi da Larabci ko shi mazaunin nan ne.

Almu ya buɗe baki, kalmar ta ƙi fita. Kai, wannan bawan Allah!

"Mu dai a kan hanya muke," in ji shi. "Makka muka nufa, in Allah ya yarda."

Afandin ba mugu ba ne, har da cewa amin. Abin da ya ji shi ya rubuta: mai wucewa ne, fili ba shi da mai shi.

Bayan damina biyu aka haɗa filin cikin gonar wani attajiri. Almu ya yi sawu uku zuwa birni, ko'ina sai a buɗe littafi a karanta masa maganarsa. Ya rame, ya daina fita hira. Abin da ya fi ci masa rai, ba shi da wanda zai tsine wa. Da bakinsa ya faɗa, kuma ko yau aka sake tambayarsa, bai tabbata zai iya ba da wata amsa daban ba.

Attajirin bai sare itatuwan ba, ya hango amfaninsu. Ya ɗauki Almu aikin ban ruwa, tunda ba wanda ya san su kamarsa. Almu ya karɓa, don ba zai iya zama yana kallo suna bushewa ba.

Da mangwaro ya nuna, Kulu ta kawo masa abincin rana. Ta ajiye kwano, ta miƙa hannu za ta tsinko ɗaya kamar yadda ta saba. Almu ya yi wuf ya riƙe mata hannu.

"Malam, lafiya?"

"Bari, Kulu," in ji shi, bai iya duban idonta ba. "Ba mu tambaya ba."