Ƙwallon Dabinon Kaka Hajara

A unguwar Derrière la Prison na tashi, a gidan haya mai rufin kwano. Idan ruwa ya kece bayan magariba, sai kakata Hajara, wadda ta zo Libreville daga Garwa, ta jawo murhun gawayi ƙarƙashin rumfa ta ɗora ayaba, mu jikoki mu kewaye ta.

Ni mai in'ina ne tun ina ƙarami. A makarantar allo ba ta damuna, don rubutun ajami ba ya bukatar baki. Amma Kaka ba ta ba da tatsuniya kai tsaye. Tana tsaka da labari sai ta tsaya ta ce, "To, 'yan nema, da ku ne fa?" Sauran su yi ta ihu, ni in sunkuyar da kai.

Wata rana bayan azumi ta raba mana ƙwallayen dabino. "Yau hannu ne zai amsa," in ji ta. "Baki ya huta."

Ta ce ga ta nan ta taso daga nesa, muka ce ta zauna mu ji. Wai wata yarinya ce mai tausayi, har ta taɓa cire wa ɗan kada ƙugiya a baki. Ta girma, uwarta ta kwanta ciwo, magani kuwa yana hayin kogi. A bakin ruwa ta tarar da tsohon kwalekwale mai yoyo, ga kuma ƙaton kada yana cewa ta hau bayansa.

"Wanda ya zaɓi kwalekwale ya ajiye ƙwallonsa a damata, mai kada a haguna," in ji Kaka.

Kowa ya ajiye dama. Nawa kaɗai ne a hagu.

"Sabo zai kai 'yar mutane bakin kada!" in ji yayata Ladi, aka fashe da dariya.

"Ke, rufe mana baki, uwar surutu. Maigidana, gaya mini dalili."

Kalmar ta maƙale mini. Kaka ta juya ayabarta, ta hura wuta, ba ta ko dube ni ba, har na samu na ce, "Ƙu... ƙugiya." Ta tafa hannu. Ashe duk sun manta farkon labarin. Kadan nan shi ya haye da yarinyar, uwarta ta warke.

Bara ɗana Hamisu ya same ni a shagona na Oloumi. 'Yarsa Zainabu ta gado harshena, ga Faransanci a kai, ta shekara ba ta ɗaga hannu a lakwal, wato makarantar boko, ba.

"Baba, cire ta zan yi. Yanzu ma wai tabilet aka raba musu, wasa kawai."

Na ce ya bari in gani da idona.

Da na je, Madam, malamarsu, ta ba ni kujera a bayan aji. Darasin ruwan sama ake yi. Kowane yaro da hoton unguwa a tabilet ɗinsa, aka ce ya ja ɗigon ruwa da yatsa zuwa inda yake tafiya, amsar kowa na fitowa a babban allo. Yawancinsu suka kai shi teku. Wani ɗigo guda ya bi kwata, ya ci karo da shara, ya juya ya shiga ɗakin mutane.

"Na wane ne wannan?"

Zainabu ta miƙe. Bakinta ya soma rawa, wani yaro ya soma ƙyalƙyala, Madam ta ɗaga masa hannu. Ta jira. Can yarinyar ta ce, "Gi... gidanmu." Ajin ya kaure, kowa na cewa su ma haka. Aka koma maganar shara da kwata, ita ce ta buɗe ta.

Da ina ɗaukar tatsuniyar nan a kan sakamakon alheri take. A kujerar nan na gane Kaka hanya ta nema wa wanda amsa ke cikinsa ta rasa ƙofar fita.

Da yamma na ba Hamisu labarin ɗigon. Sai ya tambaye ni ƙarfe nawa ake shiga aji gobe.

Allah ya haskaka kabarin Hajara, ya saka wa Madam da alheri. Zainabu tana aji na gaba yanzu, in'inarta na nan, hannunta kuma yana sama.